Wa ke magana da yawun kurame?

Ga abin da muka tattauna a shirinmu na makon jiya a kan kurame da ƙungiyoyinsu, mun zuba shi a takarda kamar yadda muka saba. Sai dai wannan karon akwai abin da ya tsaya mana a rai tun muna cikin ɗakin watsa shiri. Mun shafe kusan awa guda muna zancen kurame, amma duk faɗin inda muryar gidan nan take kaiwa, wannan ɓangaren iyaka da wancan, su kaɗai ne ba su ji ko kalma ɗaya ba. Saboda haka yau takarda ta fi murya amfani. Wanda ta shiga hannunsa, in yana da ɗan'uwa kurma da ya yi makaranta, ya miƙa masa. In bai yi ba, a zauna da shi a kwatanta masa da hannu iyakar iyawa.

Ku duba yadda labari yake zuwa mana. Ranar da za a yi wa shanu allura, a rediyo ake ji. Gargaɗin ambaliya, farashin gero da wake, hanyar da ta lalace, hanyar da ɓarayi suka tare, duk ta kunne suke shigowa. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, da lokacin da aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kafin rana ta faɗi kowane direba ya sani. Da aka ce za a canja takardun naira 200 da 500 da 1000 a ƙarshen 2022, kowa ya bazama neman inda zai kai tsofaffin kuɗinsa. To, ɗan dako kurma da ke tasha, wanda ya shekara yana tara 'yan kuɗinsa a gwangwani, wa ya gaya masa? Ya dai ga mutane sun ruɗe, ana ta ɗaga kuɗi ana nunawa. Amma me ya faru, yaushe wa'adi zai cika, sai in Allah ya haɗa shi da mai haƙurin da zai tsaya ya fahimtar da shi.

Wannan asarar dukiya ce, akwai wadda ta fi ta. Mutum ya zo shinge a ƙafa ko a kan babur, jami'in duwan ko jandarma ko soja ya daka masa tsawa ta baya cewa ya tsaya, shi kuwa bai juyo ba, ya ci gaba da tafiyarsa. A wannan zamani na rashin tsaro kun san abin da ka iya biyo baya. Ko kuma yaro kurma yana bayan shanu, sun doshi gona, mai gona na ta ƙwala masa kira daga nesa, yaro ko waige. Mai gona ya ɗauka raini ne. Shi ke nan rigimar da ba ta da tushe ta tashi, har ta kai gaban Arɗo da mai gari.

In aka kawo irin wannan zance, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne, Allah sarki, a taimaka musu. Taimako ba laifi ba ne. Amma in muka bi tarihin kurame, gida da waje, abu guda za mu yi ta gani: duk inda al'amarinsu ya ci gaba, su ne suka ja ragamar. Inda kuwa masu ji suka zauna su kaɗai suka yanke musu abin da ya dace da su, ko da kyakkyawar niyya aka yi, sau da yawa ɓarna ce ta biyo baya.

Sarkin Bebaye da maganar hannu

Mu fara da gida, kada wani ya ce baƙon abu aka kwaso daga Turai. A ƙasar Hausa kowace sana'a da kowane rukunin jama'a na da shugabansa. Mahauta na da Sarkin Pawa, fatake da baƙi na da Sarkin Zango, makiyaya na da Arɗo. Makafi na da Sarkin Makafi, kutare na da nasu. A Kano kurame ma na da nasu, Sarkin Bebaye, wanda ke tsaya musu a matsayin wakili. Ka ga hikimar magabata a nan: ba a ɗauko mai ido a naɗa shi Sarkin Makafi, kamar yadda ba a ɗauko wanda bai taɓa kwana a bayan shanu ba a ce shi ne Arɗo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. (Af, a kan kalmar bebe: ta daɗe a bakinmu, har ta shiga sunan sarauta, amma kurame da dama, musamman matasan da suka yi karatu, sun fi son a ce kurma, don su a wurinsu ba su rasa magana ba, da hannu suke yin ta. Ka kira mutum da sunan da ya zaɓa, ba abin da zai rage ka da shi.)

Abin da ya haɗa su jama'a guda shi ne harshensu, wanda ake kira maganar hannu. Ba wani malami ya zauna ya ƙirƙira musu shi ba. Daga kurma zuwa kurma ya yi ta yaɗuwa, a majalisarsu ta yamma, a kasuwa, a wurin biki da suna. Wata masaniyar harsuna Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta yi nazarinsa, ta fitar da littafi a kansa a shekarar 2000. Kuma a gane, maganar hannu ba Hausa ba ce aka mai da ita hannu kalma bayan kalma. Tana da nata tsari. Siffar hannu, inda aka ajiye shi, yadda ya motsa, duk suna canja ma'ana, fuska kuma tana yin aikin da murya ke yi mana. Kurma zai ɗaga gira ka san tambaya yake yi. Da ita ake ciniki, ake ba da labarin tafiya, ake gulma, ake wasan dangi, har a yi wa mutum zambo yana tsaye bai sani ba.

Wani kuskuren shi ne zaton cewa maganar kurame ɗaya ce a duk duniya. A'a. Ƙungiyar Kurame ta Duniya ta ƙiyasta akwai kurame sama da miliyan 70, fiye da kashi 80 cikin 100 nasu a ƙasashe masu tasowa, suna amfani da harsunan hannu sama da 300. A Gana akwai ƙauyen Adamorobe, inda kurumta ta gado ta yi yawa har garin ya samu harshen hannu nasa na kansa, masu ji ma suka iya. A ƙasar Bura, kudancin Barno, an samu wani daban.

Abin da aka yanke a bayansu, da abin da suka yi da kansu

Yanzu mu leƙa waje kaɗan, don abin da ya faru a can ya biyo mu har nan. A shekarar 1880 malaman makarantun kurame na Turai da Amurka suka yi babban taro a birnin Milan na Italiya. Kusan dukkansu masu ji ne. Suka yanke cewa a daina koyar da yara kurame da hannu, a tilasta musu karanta leɓe da furta magana. Shekara da shekaru ana dukan hannun yara a aji, ana sallamar malamai kurame daga aiki. Yara suka tashi ba su iya maganar baki sosai ba, karatun ma bai zauna ba, tunda duk lokacin ya tafi wajen koyon motsa leɓe. Sai a 2010, bayan shekara 130, irin wannan taro ya zauna a Kanada ya fito fili ya yi watsi da waccan shawara. Mutanen Milan ba mugaye ba ne, sun ɗauka gyara suke yi. Masu abin ne kawai ba a tambaya ba.

Ga kuma kishiyar wannan. Wani Ba'amurke baƙar fata, Andrew Foster, an haife shi a 1925 a jihar Alabama. Yana ɗan shekara 11 sanƙarau ya kama shi, ya tashi ba ya ji. Wannan dai ciwon da muka sani, wanda ke zuwa mana da bazara. Ya yi karatu har ya kammala Gallaudet a 1954, babbar makarantar kurame da ke Washinton, shi ne baƙar fata na farko da ya samu digiri a cikinta. Ɗan mishan ne na Kirista. A 1957 ya sauka Akra ya buɗe makarantar kurame, a 1960 ya buɗe wata a Ibadan. Kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987, ya kafa makarantu sama da 30 a ƙasashe 13 na Afirka, ciki har da Cadi da Kamaru. Abin da ya fi gine-ginen muhimmanci shi ne, ya horar da kurame suka zama malamai, har da waɗanda suka zo Ibadan daga ƙasashe masu amfani da Faransanci, suka koma gida suka ci gaba da aikin. Iyayen da suka ɗauka ɗansu ba zai taɓa karatu ba, sai ga kurma irinsa riƙe da alli a gaban allo. Wannan gani da ido ya fi wa'azin shekara.

Akwai abin da wannan tarihi ya bar mana da ya shafe ku kai tsaye, ku mutanen iyaka. Foster ya zo da maganar hannu ta Amurka, ita ta zama tushen wadda ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya da Gana, ita ce kuma tushen ta ƙasashen rainon Faransa da dama. Don haka kurman da ya yi makaranta a Kano yana rubutu da Turanci, wanda ya yi lakwal a Yamai yana rubutu da Faransanci, in ka ba su takardar juna ba za su gane ba. Amma su haɗu a tashar mota, hannuwansu dangi ne. Akwai bambance-bambance, sai dai ba su hana hira. Iyakar da Bature ya shata ta raba mu a takarda, su ba ta raba su a hannu ba.

Sai dai fa abin ya zo da nasa tabon. Yau a gari ɗaya za ka tarar da kurame kashi biyu: 'yan makaranta masu maganar hannu ta boko, da dattawa da mutanen ƙauye masu maganar hannu ta gida. Wasu 'yan makarantar na ganin ta gida ƙauyanci ce. A ganinmu wannan kuskure ne, irin wanda wasu 'yan boko suka taɓa yi wa Hausa da Fulatanci. Ta gida ita ce mahaifiyar yaro ke ganewa, ita ce mai shayi da mahauci ke ɗan taɓawa. Amma yadda za a haɗa biyun, wacce za a koyar a aji, wacce za a yi wa ƙamus, wannan hukunci na kurame ne, ba na gidan rediyo ba.

Ko a Gallaudet ɗin ma sai da aka kai ruwa rana. An kafa ta a 1864, amma shekara 124 duk shugabanninta masu ji ne. A watan Maris na 1988 hukumar makarantar ta sake zaɓar mai ji, alhali akwai kurame biyu da suka kai zagayen ƙarshe na neman kujerar. Ɗalibai suka rufe ƙofofin makaranta, suka ce ba karatu sai an ba su shugaba kurma. Cikin mako guda aka naɗa I. King Jordan, kurma na farko da ya riƙe ta. Cikin buƙatunsu har da cewa kurame su zama su ne mafi rinjaye a hukumar gudanarwa, don sun gane shugaba ɗaya a sama ba ya isa in masu yanke shawara duk na waje ne.

Wannan ƙa'ida ita ce ginshiƙin ƙungiyoyin kurame na yau. Ƙungiyar Kurame ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Rum ranar 23 ga Satumba 1951, mambobinta ƙungiyoyin ƙasa ne waɗanda kurame ke jagoranta. A Nijar akwai ƙungiyar kurame ta ƙasa, ASN. A Najeriya akwai NNAD mai rassa a jihohi. Ta Gana, GNAD, tun 1968 take. Ranar 23 ga Satumba ɗin nan ita Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ta zama ranar harsunan hannu, aka fara bikinta a 2018.

To me suke yi? A sama, suna bin gwamnati kan doka. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, Najeriya a 2010. A Janairun 2019 Najeriya ta sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Yuganda ta ambaci maganar hannu a tsarin mulkinta tun 1995, shekara guda bayan haka kurma, Alex Ndeezi, ya shiga majalisar dokokin ƙasar. Afirka ta Kudu ta mai da tata harshen hukuma na 12 a 2023. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faɗo daga sama, matsin lamba ne na shekaru.

A ƙasa kuwa, inda talaka yake, aikin ya fi kama da na kowace ƙungiyar zumunta. Su ne ke yaɗa wa junansu labari, yanzu ma da wayar hannu abin ya yi sauƙi, tunda a WhatsApp ana kiran bidiyo a yi hira da hannu ido da ido. Su ke haɗa gudummawar aure da suna da rashin lafiya, su yi adashi, su kai yaro wurin kurma tela ko kafinta ko makaniki ya koyi sana'a a hannun wanda zai iya yi masa bayani. Su ke sanin inda za a samo tafinta in ɗan'uwa ya shiga hannun hukuma ko an kwantar da shi asibiti.

Zancen tafinta ɗin nan shi ne ya fi nuna dalilin da ya sa dole sai da su. A watan Disambar 2013, wajen taron makokin Nelson Mandela a Afirka ta Kudu, wani mutum ya tsaya kusa da shugabannin duniya yana ta kaɗa hannu a matsayin tafintan kurame. Duniya na kallo a talabijin, masu ji na cewa madalla, an tuna da kurame. Ashe abin da yake yi ba shi da ma'ana. Su wa suka tona? Kurame, ciki har da wata 'yar majalisar ƙasar wadda ita ma kurma ce, Wilma Newhoudt-Druchen. Ka duba, in a gaban shugabannin duniya za a yi haka masu ji ba su gane ba, ina ga ofishin 'yan sanda na ƙauye, inda aka kira wani ɗan kamasho aka ce ai shi yana jin maganar bebaye? Da fassararsa za a ɗaure mutum ko a sake shi. Wanda zai iya cewa wannan tafinta ya iya, wancan bai iya ba, kurma ne kawai.

Ba mu ce ƙungiyoyin nan ba su da aibu ba. Mafi yawansu a birni suke, shugabanninsu 'yan boko ne, kuma kamar kowace ƙungiya akan yi rikicin kujera da na kuɗin tallafi. Mata kurame muryarsu ba ta cika fitowa ba ko a cikinsu. Ruga kuwa, gaskiya ba su kai can ba tukuna. Ga kuma masu yawo a tasha da takarda mai hatimi suna karɓar kuɗi da sunan kurame. Kafin ka sa hannu a aljihu, tambayi abu uku: wane ne shugaba, wa ke riƙe da kuɗi, kuma in an zauna taro da wane harshe ake magana? In duk amsar ta koma kan masu ji, kurame kuma sai ranar ɗaukar hoto ake nemansu, to ka san inda kuɗinka za su.

Yaron da ke ruga

Nan ne maganar ta dawo kanmu. Muna zaune a tsakiyar yankin sanƙarau, wanda ya taso daga Senegal har Habasha. A annobar 1996 zuwa 1997 sama da mutum 250,000 suka kamu a Afirka, kimanin 25,000 suka rasu, cikin waɗanda suka tashi kuwa da yawa sun tashi ba ji. Ƙyanda, hangum, shawarar jarirai, kunne mai zubar da mugunya da aka bari ba magani, da wasu allurai masu ƙarfi da ake bugawa barkatai ba da umarnin likita ba, duk suna kurumtar da yaro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. Tun Disambar 2010 aka fara sabuwar allurar sanƙarau a Nijar da Mali da Burkina Faso. In masu rigakafi sun zo, a fito da yara kamar yadda ake fito da shanu.

Wanda kuma ya riga ya kurumce fa? Kusan tara cikin goma na yara kurame iyayensu masu ji ne, ba su taɓa zama da kurma ba. Abin da aka saba shi ne a yi ta yawon neman magani, daga wannan mai magani zuwa wancan, a sayar da tunkiya, a sayar da maraƙi, ana jiran ranar da zai yi magana. A kai shi asibiti a duba kunnen, wannan daidai ne, wani ciwon yana warkewa, wani yaron kuma na'urar ji na taimaka masa. Amma kada a bar shi ba harshe ana jira. Shekarun farko su ne lokacin da kan yaro ke kama harshe, na baki ko na hannu, in suka wuce da wuya a cike giɓin. Yaro kurma shi kaɗai a ruga zai ƙirƙiri 'yan alamu da mahaifiyarsa: nono, ruwa, zo, tafi, saniya. Sun isa a aike shi. Ba su isa ya ce ga abin da ya gani a daji jiya ba. Yarinya kurma, in wani ya cuce ta a hanyar rijiya, da wace kalma za ta faɗi ko wane ne? Masu cutar sun san da haka.

Saboda haka babban alherin da uba zai yi wa ɗansa kurma shi ne ya haɗa shi da kurame manya. Ba sai an je babban birni ba. Ranar kasuwa, misali Alhamis a Maigatari, in ka tambayi mai shayi ko Sarkin Tasha ina kurame ke zama, da wuya a rasa mai nuna maka. Je da yaron. Za ka ga fuskarsa ta canja ranar da ya fara ganin babban mutum irinsa, mai sana'a, mai iyali. Daga wurinsu za ka ji labarin ƙungiya da na makaranta, irin ta Tudun Maliki a Kano da aka buɗe a 1977, ko ta Yamai, ko wadda ta fi kusa da kai. Mun san abin da makiyayi zai ce: wa zai bi shanu, kuma yaya zan bar ɗana a hannun baƙi? Tambaya ce mai nauyi, ba mu raina ta ba. In kwana a makaranta bai yiwu ba bana, to aƙalla duk ranar kasuwa ya samu awa biyu cikin 'yan'uwansa. Kai ma ka koyi alama biyar duk zuwa, ka kai wa mahaifiyarsa da ƙannensa.

Ku kuma 'yan kasuwa, in kurma ya tsaya gabanku, ɗaga murya ba ya ƙara komai sai tara masa jama'a. Taɓa kafaɗarsa, ko ka ɗaga hannu inda zai gani. Fuskance shi, a wuri mai haske, ka sauke rawani daga baki. Kada ka dogara da cewa yana karanta leɓe. Tsaya gaban madubi ka ce kaya, ka ce ƙaya, ka ce gaya, ka gani ko leɓenka ya bambanta su. Rubuta farashi a waya ko a ƙasa, ka nuna masa naira ce ko sefa, ka bar shi ya ƙirga canjinsa da kansa. In ya zo da ɗan rakiya, shi mai kayan za ka kalla, ba ɗan rakiyar ba. Mai ɗan'uwa kurma da ke ƙetara iyaka kuwa, ya sa a rubuta masa 'yar takarda da Hausa da Faransanci da Turanci cewa shi kurma ne, da lambar wayar wani nasa, ya riƙa ajiye ta tare da katin shaidarsa. A kuma nuna masa tun a gida cewa in ya hango shinge ya rage tafiya, idonsa na kan jami'ai, hannuwansa a fili, kada ya zura hannu aljihu sai sun gan shi sun ba shi izini.

Wani mai sauraro ya bugo ya tambaya game da gado da aure, ya ce a wajensu in uba ya rasu akan ba wan kurma rabonsa na shanu ya riƙe masa, aure ma ba a cika tambayarsa ba. Malaman fiƙihu sun daɗe da warware wannan: alamar da aka fahimta daga wanda ba ya magana tana tsayawa a matsayin furuci, a ciniki da aure da makamantansu. Kurumta ba hauka ba ce, ba kuma ƙuruciya ba ce. Baligi mai hankali shi ke da iko da dukiyarsa. In dangi ba sa fahimtarsa sosai, a nemo wanda ya iya maganar hannu kuma shi kurman ya yarda da shi, wanda ba shi da rabo a cikin shanun, a zauna gaban malami ko alƙali. Budurwa kurma ma a tambaye ta, a kuma tabbata ta gane wa ake nufi, ba gyaɗa kai kawai aka gani aka ce ta yarda ba.

Mu ma sai mun amsa namu laifin. Duk wannan hira da muka yi, babu kurma ko ɗaya a ɗakin. Mun gayyaci masu ji suka yi bayani a kansu, wato ƙaramin taron Milan muka yi ba mu lura ba. Don haka muna kira ga shugabannin kurame na garuruwan bakin iyaka, daga Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya da Maigatari, maza da mata, 'yan makaranta da masu maganar hannu ta gida: ku turo wakilanku, ku zo da tafintan da kuka yarda da shi. Shirin da za mu sake yi a kan wannan batu ku za ku zaɓi abin da za a tattauna. Za mu kuma karɓi lambobin wayarku, ta yadda duk sanarwar gaggawa da ta shigo gidan nan, ta rigakafi ko ambaliya ko rufe hanya, za a tura muku ita a rubuce a daidai lokacin da ake karanta ta a iska. Wanda ya san inda suke zama a garinsu, ya kai musu wannan takarda ranar kasuwa mai zuwa.